Tafiya da kare cikin hamada don ɗaukar hoto: ta ina zan fara?

Tambaya: Likita, ina da kare ɗan shekara uku, baƙi mai gajeren gashi, nauyinsa kilo 25. Na daɗe ina sha'awar ɗaukar hoton tuddan rairayi da duwatsun hamada, kuma ina so in riƙa shiga a ƙafa tare da shi, ya zame mini abokin tafiya ya kuma fito a hotunan. Ina da kyamara da gilashi biyu, gajere da dogo. Me zan kiyaye? Maiɗakina kuma tana tambaya ko za a iya zuwa da kyanwarta.

Amsa: Malam, abin da kake shirin yi yana yiwuwa, kuma akwai daɗi. Ni kaina duba dabbobi ne aikina, hutuna kuma yawanci a irin wannan tafiya yake ƙarewa, da kare a gefe da kyamara a wuya. Amma tun daga farko ka san wannan: da zarar ka sa kare cikin tafiyar, shi ne zai yanke lokacin fita da nisan da za a yi da lokacin juyowa. Kyamara sai dai ta bi abin da jikinsa ya yarda da shi. Sa'ar da aka yi ita ce lokacin da ya fi yi wa kare sauƙi shi ne kuma lokacin da haske ya fi kyau, don haka asarar da za ka yi ba ta da yawa.

Bari in fara da jikin karen, tunda a nan ne mutane suka fi yin kuskure. Kai idan zafi ya dame ka gumi kake yi tun daga kai har ƙafa, iska ta busar da shi, jiki ya huce. Kare ba shi da wannan gatan. Ɗan gumin da yake yi a tafin ƙafa ne, bai taka kara ya karya ba. Haki shi ne abin da ya dogara da shi: yana jan iska ta bi ta kan harshe da maƙogwaro masu danshi, ruwan ya ƙafe ya tafi da zafi. Kowane haki ruwa ne ke fita daga jikinsa, kuma idan iskar da yake shaƙa ta fi jikinsa zafi, aikin sai ya yi masa nauyi ƙwarai. Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 da 'yan ɗigo a ma'aunin Salshiyas. Idan ya haura 41 an shiga haɗari: ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanji su fara lalacewa, jini ya daina daskarewa yadda ya kamata. Tazarar da ke tsakanin lafiya da mutuwa digiri biyu zuwa uku ce kawai.

Ƙari a kan haka, kare yana ƙasa ne. Kanka yana sama da rairayi da fiye da mita ɗaya da rabi, kana shan 'yar iskar da ke kaɗawa. Shi cikinsa bai fi kamu biyu daga ƙasa ba, daidai inda hucin ya fi taruwa. Zafin da ake sanarwa a hasashen yanayi na iska ne, a inuwa ake auna shi, ƙasa kuwa wani labari ne daban. Mafi zafin iska da aka taɓa rubutawa a hukumance shi ne digiri 56.7 a Kwarin Mutuwa na Kalifoniya a 1913, amma a 2005 tauraron ɗan'adam ya auna fuskar ƙasa a hamadar Lut ta Iran ya sami digiri 70.7. Ba sai an je irin waɗannan wurare ba ma: a gandun manyan tuddan rairayi na jihar Kolorado ana gargaɗin baƙi cewa rairayin yakan kai kusan digiri 65 da rana a lokacin zafi, alhali iskar wurin ba ta da wani tsanani. Gwajin da nake yi shi ne in ɗora bayan hannuna a ƙasa in ƙirga bakwai. Idan na kasa, dagin kare ma ba zai iya ba. Kuma a riƙa maimaitawa, domin ƙasar da ta yi sanyi da ƙarfe bakwai ba ita ce ta ƙarfe tara ba. Baƙin dutse da tsakuwa sun fi farin rairayi ɗaukar zafi, kamar yadda baƙin gashin karenka zai fi na farin kare ɗauka.

Na taɓa yin wannan kuskuren da kaina, kuma da ilimina na yi shi. Wata safiya na hau wani tudu ina jiran inuwar wani busasshen itace ta miƙe yadda nake so. Na ce minti goma, sai ga shi na kusa cinye awa guda ido na manne da kyamara. Da na waiwaya sai na tarar karen ya tona rami a gindin wani ɗan kurmi ya kwanta, ya manna cikinsa da ƙasar da ke ƙarƙashi mai ɗan sanyi, harshe ya fito ya yi faɗi kamar cokali, gefensa ya ɗan naɗe sama. Da muka kama hanyar komawa sai ya fara taka ƙasa kamar mai rawa, ya ɗaga wannan ƙafa ya sauke, ya ɗaga waccan. Ƙarshenta a kafaɗa na saɓo shi, kilo ashirin da wani abu, ga jaka ga kyamara, sama da kilomita guda. Bayan kwana biyu fatar tafin ƙafafunsa na gaba ta saɓule, ta bar jan nama, ya yi kusan mako uku da bandeji. Hoton itacen ma bai yi wani kyau ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bai yi kuka ba ko sau ɗaya, bai ƙi bin ni ba. Kare zai bi ubangidansa har ya faɗi, don haka kada ka jira ya nuna maka ya gaji, kai za ka riƙa karanta shi.

Alamomin suna zuwa ne a jere. Da farko haki mai ƙarfi wanda ba ya lafawa ko an tsaya, harshe ya yi tsawo ya yi faɗi, yana neman kowace 'yar inuwa, yana ja da baya. A nan ake tsayawa a juya, ba a jiran na gaba. Daga nan yawu ya yi kauri yana yauƙi, dasashi ya yi jawur ko ya bushe, ka kira sunansa ya kalle ka kamar bai gane ba. Sai tangaɗi, amai, zawo wani lokaci da jini, sannan faɗuwa da jijjiga. Idan ya kai ga tangaɗi, sanyaya shi za ka fara yi kafin ka nemi asibiti. Ka kai shi inuwa, ka kwarara masa ruwa mai sanyi har ya ratsa gashi ya taɓa fata, musamman ciki da hammata da cinyoyi, ka yi masa fifita da duk abin da ka samu. Kada ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, yana tsare zafin ne. Kada ka ɗura masa ruwa a baki idan ba ya iya sha da kansa, zai shaƙe. A mota a buɗe tagogi ko a kunna na'urar sanyi a ci gaba da jiƙa shi. Ko da ya warware ya miƙe yana kaɗa wutsiya, a kai shi wurin likita, domin ɓarnar ƙoda takan ɓoye sai bayan kwana ɗaya ko biyu ta bayyana.

Naka kare matashi ne, ka ci sa'a a nan. Da a ce irin masu guntun hanci ne, su buldog da pug, da na ce maka ka bar shi a gida, hanyar numfashinsu ba ta isa wannan aikin ba. Haka tsohon kare, da mai ƙiba, da mai ciwon zuciya. Akwai karnukan da hamada ta ƙera, irin su saluki na Gabas ta Tsakiya da sulugi na Arewacin Afirka da azawak, dogayen ƙafafu, siririn jiki, ba kitse. To amma ko su, in ka lura, da tsakar rana kwanciya suke yi a inuwa. Duk irin da kare yake, jikinsa na buƙatar kamar mako biyu yana fita kaɗan-kaɗan cikin ɗumi kafin ya saba, tafin ƙafarsa ma sai a hankali yake kauri idan yana taka tsakuwa da ƙasa mai kaushi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada kuma ka aske shi ƙwal da sunan rage masa zafi, gashin yana kare fata daga ƙunar rana.

Ruwa kuma lissafi ne. Kare yana buƙatar kimanin mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini, yana zaune ba ya komai. Naka mai kilo 25 ke nan lita ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi. Da tafiya cikin busasshiyar iska ka ninka, ka ɗaukar masa lita uku. Kai kanka lita huɗu ita ce ƙa'idar da aka saba ba masu yini a hamada. Lita bakwai kilo bakwai ke nan a bayanka tun kafin ka sa kyamara, kuma ban ƙirga ruwan da za ka kwara masa in zafi ya buge shi ba. Wannan nauyin shi zai sa ka gane da kanka cewa gajeriyar tafiya ta fi. Ka bar babbar jarka a mota. Ka riƙa ba shi kaɗan-kaɗan duk bayan minti 15 zuwa 20 a ɗan kwano mai naɗewa, kada ka bari ƙishi ya ci shi sannan ya kwankwaɗa da yawa ya amayar. Abin da ya rage a kwanon ka juye masa a ƙirji. Mutane kan ce a juya idan rabin ruwa ya ƙare, ni da zarar kashi ɗaya cikin uku ya ƙare nake juyawa, saboda da safe hanyar dawowa kullum ta fi ta zuwa zafi. Kududdufin da ka gani a kwance a hamada kada ka bari ya sha, sau da yawa gishiri ne ko kanwa ko ruɓaɓɓen ruwa. Ana sayar da jakar da ake ɗora wa kare a baya ya ɗauki kayansa, amma a zafi ban son ta, rufe masa baya take yi.

To safe ko yamma? Dukansu suna da haske mai kyau, lokacin da rana ke ƙasa-ƙasa tana haskowa daga gefe, kowane ɗan layi da iska ta zana a kan rairayi ya sami inuwarsa. Da tsakar rana hasken daga sama yake dukan ƙasa, tudu ya baje ya zama fili, launi ya koɗe, kawalwalniya kuma ta sa duk abin da ke nesa yana rawa a dogon gilashinka, ba yadda za ka yi ya fito tas. Ni safe na fi so. Rairayi ya kwana yana hucewa, iskar dare ta share sawun mutane, ta bar na ƙadangaru da ƙwari da tsuntsaye sabbi fil kamar rubutu. Illar safe ita ce agogo yana gudu a kanka: rana na tafiya kusan digiri 15 a kowace awa, hasken nan mai taushi bai cika wuce awa guda ba, kuma daga hantsi zafi ya fara hawa ba sassauci. Yamma kuwa akasin haka ce. Iska takan kai ƙarshen zafinta wajen ƙarfe uku zuwa huɗu, duwatsu suna riƙe da wuta har bayan faɗuwar rana, don haka farkon tafiyar ne mai wuya, dawowa kuma cikin sanyi amma cikin duhu. Mai sabon farawa ya ɗauki safe: ya isa wurin da sauran duhu, ya zaɓi inda bai wuce tafiyar minti 30 zuwa 40 daga mota ba, ya sa wa kansa lokacin juyowa a agogo mai ƙara tun kafin ya ɗaga kyamara. Kuma ya zaɓi watannin sanyi. A nan sai a tuna cewa daren hamada yana iya yin sanyi har ruwa ya daskare a wasu wurare, kare mai gajeren gashi irin naka zai so abin shimfiɗa da 'yar riga in za ku kwana.

Sai dai lokacin sanyin nan da ya yi muku daɗi, shi ne ya yi wa maciji daɗi. A watannin zafi macizan hamada da almuru da dare da sanyin safiya suke fitowa. A Sahara da Larabawa akwai kububuwa da maciji mai ƙaho da ke binne kansa cikin rairayi ya bar idanu kawai a waje, a hamadun Amurka kuma masu ƙararrawa a wutsiya. Kare da hanci yake bincike, shi ya sa yawancin saran da muke gani a fuska ne ko ƙafar gaba. Idan ya faru kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya, kada a sa ƙanƙara. A cire masa abin wuya tun kafin kumburi ya taso, a ɗauke shi in zai yiwu don kada ya yi ta motsi, a nufi asibiti. Maganin dafi shi ne magani, kuma ba kowane asibitin dabbobi ke ajiye shi ba, don haka ka bincika wanda ke da shi tun kana gida. In ka iya ɗaukar hoton macijin daga nesa zai taimaka, dogon gilashinka ya yi rana, amma kada ka ɓata lokaci kana farautarsa. Kunama tana ƙarƙashin dutse da busasshen itace, ka hana shi tone-tone. Kada ka ba shi maganin ciwon jiki na mutane: ibuprofen da diclofenac suna huda masa ciki su taɓa ƙoda.

Kowace hamada da nata abin. A Sonora, tsakanin Arizona da Meziko, akwai wani kaktus mai suna colla da gaɓoɓinsa ke ɓallewa su manne a jiki da an ɗan taɓa. Kare ya sa baki zai cire, sai ya koma masa leɓe da harshe. Mataji mai manyan haƙora ake zurawa tsakanin ƙayar da fata a fizge, sauran a bi da hantsaki. A can ne kuma ake da wani babban kwaɗo da ke fitowa da damina, dafin fatarsa yana iya kashe karen da ya ɗauke shi a baki, da wata cutar huhu da ake shaƙa daga ƙurar ƙasa, wadda ta fi kama karnuka masu tona rami. A ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum da Gabas ta Tsakiya wasu ƙananan ƙudaje masu cizo da dare suna sa wa karnuka cutar lishmaniya, akwai abin wuya mai magani da ke korarsu. Ƙarangiya da tsidau kuwa kusan duk busasshiyar ƙasa suna nan, tsakanin yatsu suke shiga. Da ka ga ya tsaya cak ya ɗaga ƙafa, duƙa ka duba. Takalman kare suna maganin ƙaya da zafin ƙasa, amma a saba masa da su a gida, kuma a riƙa cirewa ana zazzage rairayi, in ba haka ba ya goge masa fata kamar sanfefa. Allurar haukan kare da maganin kaska su kasance ba su ƙare ba, tunda dila da yanyawa suna yawo a inda za ku taka.

Abu guda da baƙon hamada ba ya kawowa a ransa shi ne ruwa yana kashewa a can. Busasshiyar ƙorama da kwazazzabo suna da inuwa da hoto mai kyau, amma ruwan da aka yi a wani wuri mai nisa yana iya gangarowa ta cikinsu lokaci guda. A watan Agusta na 1997 mutum 11 suka mutu a kwazazzabon Antelope na Arizona, alhali hadarin can nesa da su ya zuba. In ka ga hadari ko a gefen sama ne, ka fita daga kwari, kuma kada ku kwana a cikinsa.

Batun igiya. Na san burinka ka ga kare yana tsere shi kaɗai a kan tudu, amma ka fara duba dokar wurin. A gandayen ƙasa na Amurka, misali, igiya ba ta wuce ƙafa shida, wato mita 1.8. A gandun Joshua Tree ba a yarda kare ya hau hanyoyin ƙafa na cikin daji ba, iyakarsa ƙafa 100 daga titi ko sansani. A White Sands ta Niyu Meziko kuwa an yarda ya hau tuddan da igiya, kuma da yake rairayin wurin farin jifsam ne ba ya ɗaukar zafi kamar sauran. Dokokin nan suna da dalili. Dabbar hamada da ƙyar take tara ruwa da ƙarfin da za ta rayu. Kunkurun hamadar Mojabe yana ajiye ruwa a mafitsararsa, in aka firgita shi sai ya saki, kuma hakan na iya zama ajalinsa kafin wani ruwan sama. Barewar da kare ya kora na minti biyar ta ƙone abin da ta yini tana tattarawa. A wasu wuraren, kamar kudancin jihar Yuta ta Amurka, ƙasar tana da wani ɓawo mai duhu wanda ƙananan halittu suka saƙa, shi ke riƙe ta kada iska ta kwashe, taku ɗaya ya farfasa abin da zai ɗauki shekaru masu yawa kafin ya dawo. Kashin kare ma a kwashe a leda, a busasshiyar ƙasa ba ya ruɓewa da wuri. Inda doka ta yarda a sake shi, sai in ka tabbata kira ɗaya yake dawowa ko da ya ga abin kora. In ba haka ba doguwar igiya mai mita goma ta wadatar, a hoto ma da ƙyar ake ganinta.

Yanzu kyamara. Taura biyu ba ta taunuwa: igiya a hannu ɗaya, kyamara a ɗaya, ba abin da zai fito sai hoto mai rawa. Ka ɗaura igiyar a ƙugu, in za ka ɗauki hoto ka sa shi ya zauna ka taka ta da ƙafa. Kada ka kuskura ka ɗaure shi a jikin maɗorin kyamara mai ƙafa uku, ƙadangare ɗaya ya gilma ka ga kayanka suna bin sa a ƙasa. Kalma uku yake buƙatar ya iya kafin ku tafi: zauna, tsaya, bari. Kuma ka tsara aikinka: hoton fili da farko, na kare daga baya. Tudun da ba a taka ba sau ɗaya ake samunsa a safiya, in ya bi ta kai da gudu shi ke nan sai gobe. Ku hau ta gefen da ba za ka ɗauka ba, shi yana bayanka.

Rairayi mai haske yana yaudarar ma'aunin hasken kyamara. An ƙera ma'aunin ne ya ɗauki duk abin da ya gani a matsayin matsakaicin toka-toka, don haka in fili ya cika da haske sai ya rage, rairayi ya fito da dauɗa-dauɗa, baƙin karenka kuma ya zama dunƙulen gawayi ba ido ba hanci. Ka ƙara haske da mataki ɗaya, wato +1, ka duba jadawalin haske a bayan kyamara, wato ɗan zanen da ke nuna duhu a hagu haske a dama, ka tabbata bai manne da bangon dama ba. Allon kansa kada ka yarda da shi a cikin rana, ƙarya yake yi. Ka ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, don ka sami damar ɗago duhun gashinsa daga baya ba tare da ka ƙone sama ba. Baƙin kare ya fi kyau idan rana na haskowa daga gefe ko ɗan bayansa, ta zana masa zare na zinariya a gefen kunne da gadon baya, shi kuma rairayin da ke gabansa ya mayar masa da haske a fuska kyauta. Ko kuma ka daina faɗa da baƙin: ka sa shi a kan ƙoƙuwar tudu, ka auna hasken sama, ya fito inuwa tsantsa. Ka jira ya juya gefe, ƙafafu huɗu a rarrabe, kunne a tsaye, in ba haka ba sai a ɗauka dutse ne.

Ka sauko daidai idonsa. Hoton kare daga tsaye kowa na da shi a waya, amma in ka durƙusa ko ka kwanta rub da ciki, sai ya tashi sama da layin ƙasa, hamadar ta shimfiɗu a bayansa. Ka dai duba inda za ka sa gwiwa. Idan yana gudu, saurin ƙiftawar kyamara kada ya gaza 1/1000 na daƙiƙa, ka sa ta bi idonsa, ka ɗauka a jere. Da sassafe haske ba zai isa ba sai ka ɗaga ISO, wato ƙarfin karɓar hasken kyamara, zuwa 800 ko 1600, kuma kada ka ji tsoron hakan, ɗan ƙura-ƙura a hoto ya fi ƙafafun da suka narke. Gudun kuma sau biyu ko uku ya isa, gudu a rairayi yana ninka masa zafi. Hoton fili kuwa ka sa ƙofar hasken gilashi tsakanin f/8 da f/11. Dogon gilashi yana matso da tuddai su hau kan juna kamar raƙuman ruwa, kuma ni a ganina hoton da ya fi faɗin gaskiyar hamada shi ne wanda kare ya zama ɗan ɗigo a ciki, jerin sawunsa na biye da shi. Matatar haske mai kashe ƙyalli, wadda ake ɗaurawa a bakin gilashi, tana ƙara wa sama shuɗi, ta fi aiki in rana na gefenka, amma a gajeren gilashi mai ɗaukar faɗi takan bar wani ɓangaren sama ya fi wani duhu, sai a sassauta ta.

Rairayi shi ne abokin gābar kayanka. Ka zaɓi gilashi ɗaya ka ɗaura tun a mota, kada ka canza a fili in akwai iska ko kaɗan. Kada ka ajiye jaka a buɗe a ƙasa, musamman kusa da kare, girgiza ɗaya zai yi ya cika maka ita. In ƙura ta hau gilashi ka fara hure ta da 'yar robar hura iska, sannan buroshi mai laushi, ƙyalle shi ne na ƙarshe, domin ƙwayar rairayi ɗaya a ƙarƙashin ƙyalle za ta bar maka zane na dindindin. Yawancin kyamarori an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 da 40, kada ka bar ta a rana ko cikin rufaffiyar mota. Wannan maganar ta mota ta fi shafar karen ma, ko na minti biyar ne. Waya ma zafi na kashe ta, kuma sau da yawa ba sabis, don haka ka sauke taswira tun a gida, ka yi wa inda ka ajiye mota alama, ka gaya wa wani inda za ka da lokacin da ya kamata ya ji daga gare ka. Tuddan rairayi kama suke da juna, kuma kada ka dogara da cewa kare zai kai ka mota.

Game da kyanwar Hajiya, gaskiya a bar ta a gida. Asalin kyanwar gida daga kyanwar daji ta Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya ne, ƙodarta ma ta fi ta kare iya tattalin ruwa, amma ita wuri take riƙewa, baƙon fili mara maɓoya tsoro yake ba ta. In ta firgita ta zame daga ɗamararta ta shige ƙarƙashin dutse, ba kiran da zai fito da ita. Akwai 'yan ƙalilan da aka saba musu da ɗamara da jakar goyo tun suna ƙanana, su ma kusa da mota ake tsayawa da su da sanyin safiya. Kyanwa in ta buɗe baki tana haki, ba kamar kare ba ce, alamar matsala ce babba. Kuma farasitamol ko ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Idan kun dawo mota, shi za ka fara dubawa kafin hotuna. Ka ba shi ruwa a inuwa, ka bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya kana buɗa yatsu, ka shafa hammata da ciki da bayan kunne, ka ɗaga leɓe ka ga launin dasashi, ka wanke masa ido da ruwa mai tsabta in rairayi ya shiga. Abinci sai hakin ya lafa gaba ɗaya. Ka lura da fitsarinsa na farko: in ya yi duhu kamar shayi, ko bai yi ba sam har dare, ka kira likitansa a ranar.